Darasi na Tara: Bahon Yashi a Gida Mai Kyanwoyi da Yawa

Gidaje da dama a Minna suna da kyanwa, kuma ba don ado ake ajiye ta ba. Duk wanda ya taɓa jibge buhun masara ko shinkafa a sito, ko ya jera doya a ɗaki, ya san aikin ɓera. Bayan ɓarna akwai cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, wani ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa na kare gida daga wannan ɓera, har da ajiye kyanwa.

Sai dai kyanwa ɗaya ba ta daɗewa tana ɗaya. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne kacal, tana iya ɗaukarsa tun tana wata biyar ko shida, kuma takan haihu sau biyu ko uku a shekara. Cikin 'ya'yan, an ba maƙwabta biyu, ɗaya ta ɓace, yara sun ce lallai a bar musu mai rodi-rodin nan. Kafin a ankara gida ya tashi da kyanwa uku ko huɗu. Daga nan ne wari ke farawa, da tsawa, da jifa da takalmi.

A da, tsakar gida ƙasa ce. Akwai bayan ɗaki, akwai gindin bishiya, akwai kangon da ba a gina ba, kowace kyanwa ta san inda za ta. Yau ku duba gidajen Tunga da Bosso da Kpakungu da Maitumbi: daɓen siminti ne, ko tayil, ko intalok, daga ƙofar gida har bakin madafa. Mun gyara wa kanmu gida, kyanwa kuwa halittarta ba ta sake ba. Asalinta kyanwar daji ce ta busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ke tona rami, ta yi abin da ya kawo ta, ta binne. Idan ta rasa ƙasa, za ta nemi abin da ya fi kama da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta: yashin gini da aka sauke a ƙofar gida inda yara ke wasa, buhun dusa, tulin kayan wanki, darduma, ko katifa. A mazhabar Malikiyya da akasarin Musulminmu ke bi, ruwan da kyanwa ta sha ta rage mai tsarki ne, amma fitsarinta da kashinta najasa ne. Ke nan wanda ke salla a gidan yana da dalili biyu na tsara wannan al'amari, lafiya da tsarki. Kuma tun da mu muka toshe mata ƙasa, mu ne ya wajaba mu tanadar mata madadinta, wato bahon yashi.

Baho nawa, kuma a ina?

Likitocin dabbobi suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: a ƙirga kyanwoyin gida, a ƙara ɗaya. Kyanwa biyu, baho uku. Kyanwa uku, baho huɗu.

Na san abin da uwargida za ta ce: "Haba Malam, ni da ɗaki biyu da falo, ina zan kai baho huɗu?" Tambaya ce mai kyau, za mu zo kanta. Amma bari mu fara ganin dalilin ƙa'idar, domin wanda ya gane dalili shi ke iya daidaita ta da gidansa.

Kyanwoyin da ke gida ɗaya ba lallai ne su zama 'yan ɗaki ɗaya ba. Waɗanda ke kwana a manne da juna, suna lasar kan juna, waɗannan sun jitu. Wasu kuwa zaman doya da manja suke yi, ba faɗa a fili, ba kuma shiri. Ku zauna da yamma ku lura. Babbar, wadda ta riga kowa zuwa gidan, ba ta gurnani, ba ta yakushi. Kwanciya kawai take yi a bakin lungun da bahon yake, ta miƙe ƙafafu, tana kaɗa bakin wutsiya a hankali, idonta a kan ƙaramar. Ƙaramar ta taho, ta ja ta tsaya daga nesa, ta zauna ta lashi hannunta kamar ba can za ta ba, sannan ta juya. Ba wanda ya ji ƙara, amma an tare mata hanya. Da dare ya yi sai ta shige ƙarƙashin gado. Da safe ita ce za ta sha duka, alhali mai laifin tana kan katanga tana shan hantsi. Duk wanda ya zauna gidan haya mai ɗaki takwas da banɗaki ɗaya ya san yadda mai ƙarfi ke riƙe wuri, marar ƙarfi ya nemi wata dabara.

Saboda haka yawan baho shi kaɗai bai isa ba. Baho huɗu da aka jera wuri guda, a wajen kyanwa baho ɗaya ne, domin kyanwa ɗaya tana iya tsare su duka a kwance. A rarraba su: ɗaya a ƙarshen baranda, ɗaya a bayan ɗaki inda rufi ya kare, ɗaya a ƙarƙashin matakala idan bene ne, ɗaya a soro ko zaure. Abin nema shi ne kada kyanwar da ke kwance kusa da wannan ta iya hango wancan. A gidan bene, kowane hawa ya samu nasa.

Wurin da za a ajiye ya kasance mai mafita biyu. Kyanwa ba ta son tsugunawa a lungun da za a iya rutsa ta, shi ya sa bahon da aka rufe da murfi, ko aka tura cikin kwali mai ƙofa ɗaya, ya fi jawo rigima a gida mai kyanwoyi da yawa. A nisanta shi da kwanon abincinta da na ruwanta, da madafa, da randa, da wurin alwala. A nisanta shi da janareta da injin markaɗe, domin idan aka tayar da inji tana tsakiyar buƙatarta, tana iya ƙaurace wa wurin gaba ɗaya. Sannan a tuna da damina. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ba ya wasa a Minna, musamman a Agusta da Satumba, kuma yashin da feshin ruwa ya jiƙa ba kyanwar da za ta taka shi.

Yanzu ga amsar uwargida. Idan wuri ya yi ƙaranci, a ƙirga rukuni maimakon kai. Uwa da 'ya'yanta biyu da suka jitu rukuni ɗaya ne, baƙuwar da aka kawo daga baya rukuni na biyu. Kowane rukuni ya samu babban baho a wurinsa daban, a ƙara na uku idan da hali, sannan a ninka yawan kwashewa. Idan ko wannan bai yiwu ba, to gaskiyar magana gidan ya ɗauki kyanwoyin da suka fi ƙarfinsa, kuma kyautatawa ita ce a nema wa wasu gida nagari. Zubar da su a bola ko a bakin kasuwa zalunci ne.

Bahon da yashinsa

Ba sai an sayi na kanti ba. Bahon roba na wanki mai faɗi ya wadatar. Ma'auninsa: a auna kyanwa daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara rabin wannan tsawon. Ga babbar kyanwa, wajen santimita 60 zuwa 70 ke nan, kimanin taƙi uku. Dole ta iya juyawa a ciki ta yi tono ba tare da ta taka abin da ta binne ɗazu ba. Jarka mai lita 25 da aka kwantar aka yanke gefe guda tana yi wa 'ya'yan kyanwa, waɗanda ke fara amfani da yashi tun suna mako uku zuwa huɗu, amma ta yi wa muzuru kaɗan. A goge bakin yankan kada ya yanke su. Ga tsohuwar kyanwa mai ciwon gaɓoɓi, a rage tsayin gefe ɗaya don ta shiga ba sai ta yi tsalle ba.

Zurfin yashi ya kai faɗin yatsu uku zuwa huɗu, wato santimita 5 zuwa 7. Mu yi lissafi. Baho mai tsawon santimita 60 da faɗin 40, idan aka zuba yashi mai zurfin 6, zai ci lita 14 da ɗoriya. Baho huɗu za su ci kusan lita 58, wato ƙasa kaɗan da bokitin fenti uku mai lita 20. Wanda zai riƙa sauya yashi duk mako ya san abin da zai tanada a wata.

Yashi mai laushi shi ne kyanwa ta fi so, kuma shi ne ya fi sauƙin samu wajen masu buga bulo ko masu tifa. A tankaɗe shi a fitar da tsakuwa da fasassun kwalabe. Kada a ɗebo daga tulin da ya daɗe a buɗe a titi, domin kyanwoyi da karnukan unguwa sun riga sun ziyarce shi. A baza shi a rana ya bushe ƙarau. Zafin Maris a Minna yana wannan aiki cikin wuni ɗaya. Rana tana kashe 'ya'yan tsutsa da dama, amma ƙwai masu taurin ɓawo sai wuta. Wanda ke da shakka a kan yashinsa ya zuba shi a tsohon rabin duro ya ɗora a murhu ya juya har ya yi zafi sosai, masu soya gyaɗa da yashi sun san hannun wannan aiki. A bar shi ya huce, a adana a buhu ko duro mai murfi. Mai hankali yakan tara na damina tun da rani.

Garin katako daga wajen masu yankan katako yana shan fitsari fiye da yashi, yana kuma danne wari, amma a zaɓi mai ɗan kauri, kada ya zama na katakon da aka shafa wa maganin gara. Buntun shinkafa ba shi da nauyi, sai dai ba ya shan ruwa sosai, yana watsewa, kaji kuma suna bin sa. Toka ba ta dace ba: tana manne wa ƙafa, kyanwa ta lashe, kuma idan ta haɗu da fitsari ƙara tayar da zarni take yi. Matsalar toka ce ma ta haifar da yashin kanti. A 1947, a jihar Michigan ta Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Edward Lowe ya ba maƙwabciyarsa busasshen yumɓu mai tsotse ruwa bayan ta gaji da sawun toka a ɗakinta, daga nan sana'ar ta kafu. A 1984 aka fito da nau'in da ke dunƙulewa idan fitsari ya taɓa shi. Yana da sauƙin kwashewa ga mai halin saye, amma ba a zuba wa ƙananan 'ya'yan kyanwa shi don sukan ci, ba a kuma tura shi a bututun banɗaki don kumbura yake yi ya toshe. Mai turare kuwa mu yake wa daɗi, hancin kyanwa ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Idan za a sauya nau'in abin da ake zubawa, kada a sauya duka a rana ɗaya. A ajiye sabon a baho ɗaya, a bar sauran, a ga wanda suka fi zuwa.

Aikin kullum

Safe da yamma a kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi, a cike gurbin da sabo. A ware tsohon matsami ko faka don wannan aiki kaɗai, a rataye shi inda yara ba za su kai ba, kada ya sake komawa madafa. Da hunturu, lokacin da yashi ke tashi da ƙura, a ɗaure hanci da ƙyalle. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, ko da an sa safar hannu.

Sau ɗaya a mako a juye yashin duka, a wanke bahon da sabulu, a kwarara masa tafasasshen ruwa, a kife shi a rana. A nan akwai kuskuren da masu tsabta suka fi faɗawa. Magungunan wanke ƙasa irin su Izal da Dettol, waɗanda ke mayar da ruwa fari, guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa sinadarin da ke cikinsu, kuma duk abin da ta taka sai ta lashe. Bilic irin su Hypo ana iya amfani da shi idan an sirka da ruwa mai yawa, amma sai bayan an wanke fitsarin tas, domin haɗuwarsa da fitsari tana tayar da iska mai shaƙe numfashi. A ɗauraye sosai kafin a zuba sabon yashi.

Ina za a kai abin da aka kwashe? Ba kwata ba, domin ruwan farko zai kai shi ƙofar maƙwabci. Ba fegin alayyafo ko tumatir ba, kashin kyanwa ba taki ba ne irin na akuya. A ƙulle a leda a haɗa da sharar da ake kwashewa, ko a zuba kashin kaɗai a masai, ban da yashin da zai cike ramin, ko a haƙa rami mai zurfi a binne nesa da rijiya, kimanin mita 30 idan fili ya ba da dama.

Abin da ya sa ba a kwana biyu ba a kwashe ba

Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, ana kiranta toksofilasma. Masana biyu, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suka gano ta a birnin Tunis a 1908, amma sai a 1970 aka tabbatar cewa a hanjin kyanwa take hayayyafa. Kyanwa tana ɗaukarta idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da ita, sannan ta yi mako ɗaya zuwa uku tana fitar da ƙwayayenta a kashi. Ga abin da ya kamata kowa ya haddace: waɗannan ƙwayaye ba sa kama mutum a ranar da suka fito. Sai sun yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin su nuna. Wanda ke kwashewa kullum yana riga cutar. Wanda ya bari sai Juma'a ya ba ta lokaci, kuma idan ta nuna tana iya yin watanni da rai a ƙasa mai laima.

Yawancin masu lafiya ko sun kamu ba sa sani. Haɗarin yana kan mace mai juna biyu da ta kamu karo na farko, domin cutar tana iya kaiwa ga ɗan tayi ta jawo ɓari, ko ta taɓa idonsa da ƙwaƙwalwarsa. Haka masu raunin garkuwar jiki. Don haka idan uwargida ta samu ciki, aikin baho ya koma hannun maigida ko wani babba a gidan. Wannan ba alfarma ba ce, kariyar ɗansa ce. Ba kuma sai an kori kyanwa ba, domin ana ɗaukar cutar nan har ta naman da bai gasu ba da ganyen da ba a wanke ba.

Masu kiwo a gida su buɗe kunne. Ita wannan ƙwaya tana cikin manyan abubuwan da ke sa tumaki da awaki ɓari. Kyanwar da ta rasa baho ta hau buhun dusa ko tulin harawa tana iya jawo asarar 'yan raguna. A rufe abincin dabbobi. Sannan akwai tsutsar ciki, wadda ƙwanta ke shiga bakin yaro mai wasa da ƙasa, da wata da ke huda fatar ƙafa ta bar jan layi mai ƙaiƙayi yana tafiya a karkace. A rufe yashin gini da leda ko kwano, a kuma riƙa kai kyanwoyi wurin likitan dabbobi don maganin tsutsa da allurar haukan kare, wadda su ma suna buƙata.

Idan wata ta ƙi bahon

Da farko a gane abin da take yi. Idan ta tsuguna ta yi fitsari mai yawa a ƙasa ko a kan shimfiɗa, banɗaki take nema: ko bahon ya ƙazantu, ko ya yi ƙanƙanta, ko an tare mata hanya. Idan kuwa a tsaye ne, wutsiya a miƙe tana karkarwa, ana fesa ɗan kaɗan a bango ko labule ko tayar babur, wannan shaida ce ake sa wa wuri. Muzurun da ba a fiɗiye ba ne ya fi yin haka, kuma fitsarinsa ne mai zarnin da ke kama ɗaki. Fiɗiya a hannun likita tana rage wannan ɗabi'a ga mafi yawansu, haka aikin hana haihuwa ga mata yana tsayar da yawan da ya haddasa matsalar tun farko.

Duka ba ya koya wa kyanwa komai, haka goga hancinta a wurin da ta ɓata. Abin da take koya shi ne ta ji tsoron mai gidan, ta nemi lungun da ya fi ɓuya. A wanke wurin da sabulu har warin ya fita, a ajiye baho a daidai nan na ɗan lokaci, sannan a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa inda ake so.

Mai kwashewa kullum shi ne farkon ganin ciwo. Zai ga gudawa, zai ga jini, zai ga tsutsa, zai lura idan jiƙaƙƙen wuri ya ninka girmansa, wanda ga tsohuwar kyanwa yana iya nuna ciwon ƙoda ko na sukari. Idan ba a san wadda ta yi ba, a keɓe su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki da bahonta na wuni guda. Alama ɗaya ce ba ta jiran gobe: muzuru yana shiga baho yana fita, yana nishi ko kuka, yana lasar gabansa, fitsari kuwa ɗigo ne ko babu. Mafitsararsa ta toshe, kuma wannan yana kisa cikin kwana biyu zuwa uku. A kai shi asibitin dabbobi a ranar. Kada a ba shi farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Aikin gida

1. Gida yana da kyanwa biyar. Baho nawa ƙa'ida ta ce a ajiye? Idan kowane baho yana cin lita 14 na yashi, ana kuma sauyawa duk mako, lita nawa za a buƙata a mako huɗu?

2. Me ya sa kwashewa kullum take kare mai juna biyu daga toksofilasma? Rubuta amsar a jimla biyu.

3. Zana taswirar gidanku a takarda. Nuna madafa, randa, rijiya, wurin salla, sito da turken dabbobi. Sa alama a wuraren da baho zai iya zama, ka tabbatar kowanne yana da mafita biyu kuma ruwan sama ba ya dukansa. Idan kuna da kyanwa fiye da ɗaya, yi kwana uku kana lura da wadda ke kwanciya a bakin hanya da wadda ke juyawa, ka zo da abin da ka gani aji mai zuwa.